Muciya a Bayan Ƙanwata

Har yau in na ɗauki muciya zan tuƙa tuwo, sai na ɗan tsaya da ita a hannu. Kada ka yi mamaki, mai karatu, bayan ƙanwata take tuna mini.

A wani ƙauye kusa da Indabo muka tashi, a hannun kakarmu ta wajen uba, tsohuwa mai tsabta da faɗa, wadda ko babanmu ba ya musu da ita. A firamarenmu benci bai ishe mu ba. A ƙasa muke zama, littafi a kan siminti, mu duƙufa a kansa tun safe har azahar. Ƙanwata ta fi kowa duƙawa don doguwa ce. Da ta shiga aji biyar kuma ta fara ƙirgen dangi, sai ta riƙa tattaro kafaɗunta gaba tana ɓoye ƙirjinta. A gida yabonta ake yi. Kaka takan nuna ta da baki ta ce mini, "Kin ga mai kunya, ba irinki ba."

Malamar ajinsu ce ta lura. Kirista ce, mijinta yana aiki a jami'a a Wudil. Ta shafa gadon bayan yarinyar ta ce doro ne yake son fitowa, amma ƙashin bai riƙa ba tukuna. Ta koya mata ta jingina da bango, dunduniya da kafaɗu da ƙeya duk su taɓa shi. Ta kuma koya mata ta gitta sanda a bayanta, ta saƙale ta da hannu biyu, ta buɗe ƙirji tana jan numfashi, safe da yamma. Mu kuwa ba mu da miƙaƙƙiyar sanda a gida sai muciya.

Damina ce, gero ya rufe gidan ta ko'ina. Wata yamma na ɗora tukunya, talge ya dahu, muciya ta ce neme ni. Kaka ta zage ni tas. Na zagaya bayan rumbu, sai ga ƙanwata tsaye ƙyam da muciyar a baya, ido a rufe, tana ƙirgawa a hankali. Ranar na fara sanin ta fi ni tsawo.

"Yaya, don Allah kar ki faɗa," ta ce.

Na faɗa. Zagin da na sha yana ciki, amma gaskiyar ita ce na gaji da jin ana kiranta mai kunya.

Kaka ta zo ta fizge muciyar ta shimfiɗa mata ita a bayan nan. "Banƙaro wa maza ƙirji ake koya miki a bokon? A gidana?"

Washegari malamar ta zo da ƙafarta, ta durƙusa ta gaishe da Kaka, ta ce, "Iya, ciwo ne, ba rashin kunya ba. In an bar shi zai zauna."

"Mun gode, Malama," in ji Kaka. "Mu tamu a sunkuye muke son ta."

Babanmu yana zaure yana ji, bai ko leƙo ba. Daga ranar muciya ta koma ɗakin Kaka, sai za a yi tuwo take fitowa.

Ba zan ce Kaka muguwa ba ce, tarbiyya take karewa iyakar saninta. Amma shekaru da yawa bayan haka, da likitan ƙashi a Kano ya duba ƙanwata, cewa ya yi an makara, motsa jiki sai dai ya rage mata ciwo. Yau ba ta iya awa guda a kan keken ɗinkinta, ba ta iya kwanciya rigingine.

Yanzu yara sun sami benci, sai dai jaka mai nauyi da waya suna ranƙwafar da su. Kwanaki ƙanwata ta zo gidana, ta ƙura wa 'yata ido tana aikin makaranta a duƙe. Ta shiga madafi ta ɗauko muciyata, ta gitta wa yarinyar a baya, ta ce, "Ɗago, uwata." Sannan ta karkato wuya, don sai da haka take iya kallon fuskata.

"Yaya, wannan karon kar ki faɗa."

Ba ta yi dariya ba. Tun ranar bayan rumbu ba ta taɓa tayar da maganar ba sai ran nan, kuma ni har yanzu ban ce mata ta yafe mini ba.