Baba Mai Ƙwanƙwasa a Gadar Nagasaki

Kun dai san Baba, ba ya shiga gida sai ya ƙwanƙwasa bango da makullin mota, ya kasa kunne. Shekara ashirin yana tuƙi a garin Beltsville, can ƙasar waje, amma maginin Kano bai fita daga jikinsa ba.

Ranar da abokinsa Alhaji Garba ya tare a sabon gidansa na Bowie, kowa na sanya albarka, Baba na ƙwanƙwasa. "Alhaji, wannan ai kwali ne! Ka yi atishawa, maƙwabci ya ce yarhamukallah." Na so ƙasa ta tsage in shige!

Ni kuwa 'yarsa, injiniyar gadoji, abu ɗaya nake nema a bakinsa: "ta yi." Na kai shi gadar farko da na yi wa aiki, kusa da Upper Marlboro.

"Baba, ya ka gani?"

"Mu dawo bayan shekara ɗari, Hadiza."

Wallahi na ji haushi.

Da taro ya kai ni Japan, na tafi da shi Nagasaki, wurin wata tsohuwar gadar dutse mai ƙofa biyu masu lanƙwasa kamar baka. Jama'a na ɗaukar hoton inuwarta a ruwa, wai kamar tabarau take. Baba ko kallo! Ya gangara ƙarƙashi, ya zaro makulli. Nan ya haɗu da wani tsoho Bajapane. Ba Hausa, ba Japananci, amma awa guda suna shafa dutse suna gyaɗa kai.

"Kai! Wannan ta yi," in ji Baba.

Kishi ya kama ni, kishin dutse fa! Sai na ga Baba ya daki ƙirji, ya nuna ni, ya zana baka a iska da hannu. Tsohon ya juyo ya rusuna mini.

"Baba, me ka ce masa?"

"Na ce 'yata ma sana'arta ke nan, kuma tata ta yi."

"Ba ka ce sai bayan shekara ɗari ba?"

"Na duba ba zan kai ba. Karɓi abinki tun yanzu."

Na tsaya ina kuka a tsakiyar masu hoto. Bai ƙara shekara a duniya ba kuwa. Makullin na jakata, kuma duk aikin da na gama sai na ƙwanƙwasa.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya ƙetarar da shi siraɗi cikin sauƙi. Amin.