Ƙwan Da Ya Fito Daga Ɗankwalin Iya

A gidanmu na Akurba, murhun Iya yana bayan ɗakinta ne, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro da ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Daga Kwandere aka ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu, ta zo da turminta da kajinta da ra'ayinta a kan komai. Umma tana da risho a kicin, amma Iya ta ce ita ba ta cin doyar da ba ta ga garwashi ba. Saboda haka da an idar da sallar magariba sai ta hura wuta ta jera doya a gefe, mu ma mu zo mu jeru: ni da ƙanwata Jummai, da 'ya'yan maƙwabciyarmu Mama Terna, wata 'yar ƙabilar Tibi mai sayar da lemo a kasuwa. Mama Terna takan shigo ne don ta kira yaranta, sai ta ɓige da jawo kujera.

Iya ba ta fara labari sai ta juya doyar farko. Sannan ta ce, "Ku matso da kunne, ku janye ƙafa daga wuta." Tana da na kura, da na 'yan mata masu zuwa rafi, da na wani maharbi da bai taɓa kawo nama gida ba. Amma wanda muka fi roƙo ba na zamanin da ba ne, kuma mu kanmu muna cikinsa. Labarin ranar da muka je Jos ne. Duk da haka yadda take ba da tatsuniya haka take ba da shi, ba ta cewa "ni", sai dai "wata tsohuwa". Baba kuwa ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa ko a mafarki, don haka a cikin labarin ya zama "wani ma'aikacin gwamnati". In Jummai ta yi garajen gyara mata wani wuri, sai ta ce, "Ke kike bayarwa ko ni?"

Ga yadda abin ya faru. A wani hutun makaranta Baba ya ce zai kai mu Jos mu ga gari mu dawo a ranar. Ya kuma ce Iya ta zauna a gida, wai hanya da nisa, ga sanyin Jos, ga gwiwarta. Duk gidan mun san ba gwiwa ba ce. Ba a daɗe ba da aka yi wata liyafar abokan aikinsa a otal, inda Iya ta ga ana kwashe faranti da nama a kai, ta tsayar da mai kwashewar ta ƙulle naman a bakin mayafinta, a gaban ogan Baba. Baba mutum ne mai guga da turare, wanda ko tari zai yi sai ya duba wa ke kusa. Tun daga ranar bai sake fita da ita ba. Jummai, wadda bakinta ba ya riƙe komai, ita ta kai wa Iya zancen. Da gari ya waye muka fito, sai ga ta zaune a bayan tsohuwar fijon Baba, da sabon ɗankwali, da kwandon guzuri a cinya, tana kallon gaba.

Ba mai fitar da uwarsa daga mota. Baba ya tsaya da makulli a hannu, sannan ya juya wurin Umma ya ce, a gaban Iyar, "Ki ce mata don Allah in an je ta bar mu mu yi magana." Umma ta maimaita. Iya ta ce, "Ki ce masa na ji." Ko ni da nake yaro na gane cewa idan aka sake samun wata ta otal, Iya da fita sai dai asibiti.

Iya takan daɗe a kan hanyar in tana ba da labarin. Duwatsun Eggon da suka yi ta bin mu ta taga, ayabar da aka saya a Akwanga, hawan da motar ta yi tana nishi har Umma ta fara salati. A Jos ta ga dankalin Turawa tsibi-tsibi, ta ga mutane da rigunan sanyi da rana tsaka. A gidan namun daji ta tsaya gaban kura ta daɗe, ta ce ashe duk shekarun nan ƙaramar aba take ba wa girma a labari. Ban da wannan ba ta tanka wa kowa ba. Ta ga farashin kwalbar lemo a wurin shaƙatawa, na ga leɓenta ya motsa, amma ta haɗiye.

Bayan la'asar muka shiga wani zaure inda ake wasan dabo. Kujerun roba ne cike da mutane, har da waɗanda suka zo daga Abuja da wasu Turawa a gaba. Mai dabon dogo ne, da baƙar kwat da doguwar hula, yana haɗa Turanci da broka da Hausa. Ya iya aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya zaro ƙyallaye daga bakinsa har suka taru a ƙasa, ya sarƙe zobban ƙarfe ya raba su. Sai dai yana da wani hali. Duk wanda ya kira sama, sai ya mai da shi abin dariya kafin ya sake shi. Yana cikin dube-dube idonsa ya faɗa kan sabon ɗankwalin nan.

"Mama, ke, mai jan ɗankwali. Taso."

Umma ta riƙe mata bakin zani. Iya ta zame hannun a hankali ta ce, "An kira ni a gaban jama'a, in zauna kamar na yi sata?" Ta hau matakalar tana dafa gwiwa.

Ya tambaye ta daga ina, ta ce daga Kwandere. Ya juya ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya taɓa jin sunan, aka yi dariya. Sannan ya zagaya ta yana shinshina, ya miƙa hannu cikin ƙullin ɗankwalinta, ya zaro ƙwai fari tas. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Jama'a ku taya mu murna, Mama ta saka ƙwai." Ya karkace wuya ya yi kukan kaza, yana kaɗa gwiwar hannu. Zauren ya ɗauka. Wasu har da buga kujera, wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Ni ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na dubi Baba, na ga ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa, ya haɗe hannuwa tsakanin gwiwoyi. Ban taɓa jin tausayin mutum biyu lokaci guda irin na ranar ba.

Mutumin ya cire hularsa ya jefa ƙwan ciki, ya rufe da ƙyalle, ya ƙwanƙwasa da sanda. Da ya yaye, sai ga fararen tantabaru biyu sun fito suna fuffuka, suka sauka a damtsensa. Aka yi tafi. Ya ce, "Mun gode Mama, je ki huta, kin yi aiki."

A nan Iya takan dakata ta tsokano garwashi, ta bar mu muna jira, ko da yake duk mun san abin da ke tafe. "Tsohuwar nan," in ji ta, "sai ta ƙi motsi. Ta ce ya ba ta abin maganar."

Ya miƙa mata makirfon yana ƙifta wa jama'a ido, a zatonsa ƙarin abin dariya ya samu. Muryar Iya ta cika zauren, irin muryar da take kiran kajinta da ita.

"Yaro, ƙwan nan daga ina ka ciro shi?"

"Daga kanki, Mama. Kowa ya gani."

"To nawa ne ke nan."

"Naki ne, Mama, ke kika saka."

"Madalla. A wurinmu, in mace ta kai wa maƙwabciya ƙwai aka sa wa kazarta, abin da aka ƙyanƙyashe rabawa ake yi. Mai ƙwai rabi, mai kwanci rabi. Ka ce ni na saka, ban musa ba. Kai kuma ka yi kwanci, mun gani da idonmu. Ga su biyu Allah ya kawo. Ba ni tawa."

Sai wasu mata daga baya, da ganin su ka ga 'yan kasuwa, suka ce haka ake yi a ko'ina, a ba ta. Dariyar ta dawo, amma ta canja gida. Mai dabon ya yi yaƙe ya ce, "Haba Mama, ai wasa ne."

Iya ta ce, "In wasa ne, ga abin magana. Faɗa wa mutanen nan da suka biya kuɗinsu cewa ƙwan naka ne, daga gida ka zo da shi. Sai in je in zauna."

Ya dubi jama'a, ya dubi tantabarun, ya dubi Iya. In ya ce nasa ne, ya rushe wasansa da bakinsa. In ya ce nata ne, tantabara ta tafi. Gumi ya tsatso masa duk da sanyin Jos. Can dai ya cire guda daga damtsensa ya miƙa mata da hannu biyu. Iya ta karɓa ta duba ƙarƙashin fiffiken kamar mai sayen kaza a kasuwa, ta saƙale ta a hammata, ta sauko. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi, har Turawan nan da ba su ji ko kalma ɗaya ba. Baba ma yana tsaye. Dariya yake yi har hularsa ta karkace, yana share hawaye da bayan hannu, yana gaya wa mutumin da ke gefensa, wanda bai tambaye shi ba, "Mahaifiyata ce."

Muna shirin shiga mota sai ga mai dabon, ba hula ba kwat, ashe ma yaro ne sosai. Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata. Ya ce ya daɗe yana horar da tsuntsayen nan, mata da miji ne, ɗaya ba ya aiki in ba ɗayar, kuma da su yake ci da iyali. Iya ta bar shi ya gama. Ta ce, "Da ma ba ni da gidan tantabara, kajina ba za su bar ta ba." Ta miƙa masa. "Amma gobe in ka kira tsohuwa sama, ka sani ba ita kaɗai ta zo ba. 'Ya'yanta suna zaune suna kallo." Ya ce ya ji. Ya laluba aljihu ya fito da ƙwan ya ce ko shi ta riƙe. Ashe dafaffe ne.

Mun fara gangarowa ta ɓare shi, ta raba biyu, ta barbaɗa yaji daga kwandonta. Ta ci rabi, ta ba ni rabi ta ce, "Maigida, miƙa wa direba. Shi ma ya sha kwanci yau, tun da aka fara kansa na ƙasa." Umma ta toshe baki da mayafi. Baba ya karɓa ya ci.

Duk lokacin da aka zo nan, Mama Terna sai ta tafa hannu ta yi tambayarta ta kullum da gurguwar Hausarta. "Iya, tsakani da Allah, kai ka san ƙwai ba ya cikin ɗankwali?" Iya ta ce, "Tsohuwar ita ta ɗaura abinta da asuba, Mama Terna. In da ƙwai a kanta ai da ta ji." Sannan ta kankare baƙin doyar ta yanka mana, a zuba manja da gishiri, ta ce, "Wuta ta ci itacenta, kun ci labarinku, kowa ya nemi tabarmarsa."

Daga wannan tafiyar Baba bai sake shirya fita ba tare da ya aika a tambayi Iya ko za ta ba, kuma ƙofar gaban mota yake buɗe mata. Ta je biki a Doma, ta je Makurdi ta ga gada, ta ci gaba da ƙulle nama a mayafi duk inda ta ga za a zubar, Baba kuma ya koyi miƙa mata leda.

Ina yaro, abin da na ɗauka daga labarin shi ne kakata ta fi mai dabo wayo, kuma na yi ta taƙama da haka a makaranta. Sai da na girma, na zauna a ɗakunan taro inda ake auna mutum da lafazinsa da sunan garinsu, na ga yadda yake da sauƙi mutum ya ƙanƙance kansa don a bar shi ya zauna lafiya. Iya ba ta ari komai na kowa ba ranar nan. Da ƙa'idar matan Kwandere ta raba 'yan tsaki ta hau, da ita ta sauko. Har yau in na ji ana neman a mai da ni ƙarami, ita nake tunawa, sai in ji bayana ya miƙe.

Amma ainihin abin ban same shi ba sai a shekarunta na ƙarshe, lokacin ni ke hura mata wutar saboda hannunta na rawa. Na tambaye ta ko ba ta ji tsoro ba a gaban mutane masu yawa haka. A karon farko ba ta ce "wata tsohuwa" ba.

"Na ji mana, Maigida. Dariyar mutanen Jos ba ta dame ni ba, ba su san ni ba, gobe sun manta. Amma daga can sama na hango kan ubanka a sunkuye saboda ni. Shi ne na ce a raina, ko za a kwana a nan, ba zan sauko ba sai ya ɗago."