Yadda Yaya Ya Share Muryar Inna

Bayan rasuwar Inna, muryarta ce kawai ta rage mana. Ni na ɗauke ta da waya a shekarunta na ƙarshe a Malumfashi: waƙoƙin daɓe, labarin aurenta, har faɗan da take yi wa awaki. Wayar ta daɗe da lalacewa, amma na riga na juye komai a kwamfutar shagona a Funtua, inda nake buga wa mutane takardu. Ita ma kwamfutar ta tsufa, tana ƙugi kamar injin niƙa, sai na ce a nemi ma'ajiya a intanet kafin ta mutu da su.

Manhaja biyu na samo. Ɗaya tana kwafe komai ta adana, ko ka goge naka, nata yana nan. Aibinta nawar aiki, ga sabis ɗinmu da sai ka fita bakin titi. Ɗayar kuwa akwai sauri, sai dai duk na'urar da ka haɗa da ita bakinsu ɗaya: ka goge a nan, ya gogu ko'ina.

Yayana, mutumin da bai san komai ba sai taki da masara, ya ce ta biyun za a saka, don ya riƙa jin Inna a wayarsa yana gona. Na yi bayani har yawuna ya ƙafe.

Ya ce, "Ke, ni za ki koya wa ajiya? Rumbu nawa kika taɓa cikawa?"

Na ce, "Yaya, wannan fa ba rumbu ba ne."

"Na gama magana."

A gidanmu ƙanwa ba ta ja da wa. Na haɗa masa ina ƙunƙuni.

Da kaka ta yi, wayarsa ta cika. Bawan Allah yana son ɗaukar bidiyon buhunansa a kasuwar Danja, sai ya bi duk abin da ya cinye wuri ya share, wai ai akwai a Funtua. Ban leƙa ba sai bayan watanni. Wayam! Kwandon sharar manhajar ma ya daɗe da zubarwa.

Na kira shi na faɗa masa ya share muryar Inna. Ko a jikinsa.

"Haba, sai ka ce gobara! Addu'a take buƙata, ba sauraro ba."

Ka ji ƙarfin hali. Ina gaishe shi, ina zuwa sunan 'ya'yansa, amma wallahi ban yafe ba, kuma ya sani. Jiya na zauna in tuno yadda Inna take kwaɗa mini kira daga ɗaki, na yi, na yi, na kasa.