Akuyar da Ba a Ba Ni Ba

Ranar wata Juma'a da hantsi, a ƙarshen daminar 1984, wadda ta leƙo ƙauyenmu na arewacin Gazawa ta koma, Goggo Dudu ta shigo gidanmu ba ƙwarya a kanta. Wannan kaɗai ya isa labari, don tun da na buɗe ido ban taɓa ganin Bafillatanar nan ba ƙwaryar nono ba, har na ɗauka da ita aka haife ta. Igiya ce a hannunta, a ƙarshen igiyar kuma wata ƴar akuya fara mai baƙin wuya, ramammiya, ana hango haƙarƙarinta tun daga zaure. Goggo ta gaisa da Kaka, ta ce sun ɗaure kaya, za su kora abin da ya rage na shanunsu kudu, ko Allah ya sa akwai ciyawa a Najeriya, amma wannan ƴar ba za ta iya tafiyar ba. Sai ta juyo ta dube mu, ni da ƙanwata Rabi, muna zaune bisa turmi. Na gyara ɗankwali, na miƙe wuya, na fito da murmushin da nake ajiyewa don ranar Salla. Shekarata tara, ni ce babba, ni ce ƴar lakol, wato makarantar boko. Goggo ta wuce ni kamar ta wuce turke, ta damƙa igiyar a hannun Rabi, yarinyar da ko majina ba ta gama iya sharewa ba.

Fulani suna kiran wannan abu haɓɓanaye. Mutum ya ba ka dabba mace ka riƙe, ka ciyar da ita, in ta haihu ƴaƴan naka ne, ita uwar ta koma wurin mai ita. Ba a ba kowa sai wanda aka yarda da halinsa. Nan ne abin ya ƙona mini rai. Wai Rabi ce mai tarbar Goggo da ruwa in ta shigo talla, ita ce mai taya ta sauke ƙwarya. Ni kuwa abin da na yi kawai shi ne ina bin bayanta ina kwaikwayon tafiyarta da kiran nononta, kuma duk unguwa sun shaida nawa ya fi nata daɗin ji. A ce mai baiwa irin wannan an hana ta akuya!

Kaka ta ce hatsin bana ko tsuntsu bai ƙoshi da shi ba. Kafin sanyi ya wuce mun koma cin ganyen jiga da na aduwa, sai kuma anza, wadda ake jiƙawa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan, amma ɗacinta na nan yana jiran ka a maƙogwaro. In an raba jar dawa ta taimako, gidanmu sai ya yi kamar ana suna. A lakol ƴan mata muka bar gaɗa, don tsalle yana buɗe ciki, muka koma ƴar carafke a inuwar aji, kowa na riƙe da tumbinta kada ya yi kuka mushe, wato malaminmu, ya ji. A cikin wannan hali akuya ɗaya ce tak take ƙiba a duniya, kuma a gidanmu take. Na raɗa mata suna Hajiya, don ba ta da aiki sai zama da tauna. Da yake Rabi ƙarama ce, wa kuke tsammani aka ɗora wa neman abincin Hajiya? Ina dawowa daga lakol za a miƙo mini ƙugiya da buhu, in tafi kaɗo ƴaƴan gawo. In ƙugiya ta kasa, in hau da kaina. Duk ƙayar da ke tsakaninmu da garin Cadawa ta san ɗanɗanon jinina. In dawo zane a yage, gwiwa a kurje, in tarar da Rabi tana shafa wuyan akuya, mata masu wucewa suna cewa, “Sannu mai dukiya, Allah ya raya.” Ni ko sannu ba a ce mini.

Da bazara ta yi tsanani, rumbu ya zama ɗakin gizo-gizo. Wata safiya Baba ya tsaya tsakar gida yana kallon ƙasa, ya ce ya yi magana da dillali, in aka kai akuyar kasuwa za a samu hatsin da zai ja mu zuwa shuka. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta yi guɗa: ga tuwo, ga saukar Rabi daga karaga, duk a rana ɗaya. Rabi ba ta yi kuka ba. Ta kwance igiyar daga turke, ta ɗaura a ƙugunta, ta zauna a ƙasa tana kallon Baba da manyan idanun nan nata. Kaka ce ta yi magana daga bakin ɗakinta. “Kai, wagga akuya ba taka ba ce, ba kuma ta Rabi ba. In ta mutu don kanta, Dudu ba ta bin kowa komai. In ka kai ta kasuwa, da wane baki za ka sake shan nonon Fulani?” Baba ya ce baki sai da rai yake shan nono. Kaka ta shiga ɗaki, ta fito da baƙin zanenta na saƙi, wanda ta yi aure da shi kuma ba ta yarda ko inuwarmu ta taɓa, ta ce a kai wannan. Zanen nan muka ci har ruwa ya sauka. Ko a nan Hajiya ce ta ci riba, don duk dusar ita aka ba.

Damina ta gaba ta yi kyau. Hatsi ya yi tsawon da in na shiga gona sai an yi kira, wake ya yi yaɗo, Hajiya ta samu harawa har tana zaɓe. Cikin sanyi ta haifi tagwaye, mace da namiji. Ina ganin ƴar macen, fara tas da ɗigon baƙi a hanci, na san tawa ce. Kowa ya san aiki da lada yake tafiya. Na sa mata suna Madam, ina ɓoye mata ƙanzo a bakin zane, har na fara lissafin garken da zan tara da irin takalmin da zan saya. Na tambayi Rabi da lallashi, na tambaye ta da zare ido, amsarta ɗaya ce: “Yaya, bari Goggo ta dawo ta gan su.”

Goggo Dudu ta dawo da rani, bayan an yaye tagwayen. Da farko ban gane ta ba. Shanunsu sun ƙare a hanya, mijinta ya koma kiwon shanun wani attajiri, abin da suka dawo da shi jaki ne da tabarmi. Ta zauna ta sha ruwa, ba ta ko waiwayi turke ba. Bayan rumbu aka yi shawarar yadda za a biya ta, kowa da irin nasa biyan. Baba ya ce al'ada a fili take, a mayar mata da uwar, shi kuma zai ɗora damin hatsi, ina jin don wanke kunyar maganar dillali. Kaka ta ce wanda ya ba ka lokacin da yake da shi, ba ka auna masa lokacin da ya rasa. Ni na ce kafin a sallami baƙi a fara da na gida: a biya ni diyyar zanena da fatar gwiwata, kuma Madam ta isa. Kaka ta ce in an tashi biyan bakina, sai an sayar da gari.

Muna cikin haka sai ga Rabi ta wuce mu, igiya biyu a hannu, Hajiya a dama, Madam a hagu. Na bi bayanta da sauri. Goggo ta karɓi ta uwar, ta ture ɗayar. “A'a, ɗiyata. Uwa tawa, ɗiya taki. In na karɓi ƙari, na mayar da zumunci kasuwa.” Na soma numfashi. Rabi dai ba ta janye hannu ba, ta tsaya ƙyam kamar an dasa ta. Sai Kaka ta yi dariya ta ce, “To ba kyauta ba ce, Dudu. Haɓɓanaye ta ba ki. In ta haihu, ki maido mata uwar.” Goggo ta rufe fuska da gefen mayafi. Can sai babbar mace, mai furfura, ta durƙusa ta karɓi igiya da hannu biyu daga yarinyar da haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba. Kafin la'asar labari ya kai rijiya: ƴar Bahaushe ta ba Bafillatana aron akuya. Ni aka bar ni da ɗan bunsurun, wanda Rabi ta ce in ina so ina iya lura da shi. Ya yi wari, ya tunkuye ni, aka sayar da shi ranar sunan ƙanenmu.

Yanzu ina kwaleji a Agiye. Kwanan baya mushen Ingilishi ya cika allo da kalmomin biya, ya ce kada mu haɗa su: akwai ta mayar da abin da aka ara, akwai ta cike wa mutum hasararsa, akwai ta saka alheri, akwai ta ramuwar gayya. Nan take na raba wa ƴan gidanmu: Baba ta farko, Kaka ta uku, ni na kwashe ta biyu da ta huɗu. Rabi da Goggo ne na rasa inda zan sa su, don har yau awaki na kai da kawowa tsakanin rugar da gidanmu, ba wadda ta gama biyan wata, ba kuma wadda take son a gama. Rumbunmu cike yake bana, ba mai cin anza, amma Kaka ta rasu bara, ɗakinta ya zama wurin ajiye harawa. In na je hutu nakan tarar da Rabi da Goggo a inuwar ɗakin nan, kai da kai, suna hira da Fillancin da ban san lokacin da Rabi ta koya ba, ni da harsunan Turawa biyu ina tsaye ban jin ko kalma. Ashe wurin zaman nan nake so tun farko.