Babur ɗin Nagoggo da Ke Cin Kuɗi Daga Maraɗi

Shekara ashirin da bakwai Nagoggo yana canjin kuɗi a Magama, taku kaɗan daga shingen iyaka, sefa zuwa naira, naira zuwa sefa. Ni mai shayin da ke kusa da teburinsa ne, don haka na sha jin alfaharinsa har na haddace: ba a taɓa cutarsa ko sisi ba. Yana da ƙa'ida guda da kowa ya sani. In ka yi canji ka fasa, ko ka ba shi ajiya ka dawo kafin lokaci, zai miƙo maka abinka cif, ba ragi.

Marta, wata mai daddawa daga Bugaje, tana cikin masu ajiya a wurinsa. Shekara biyu tana tara kuɗin injin niƙa. Da hanya ta lalace da 'yan fashi, sai Nagoggo ya zuba ajiyarta a asusunsa na banki, ya riƙe katin a aljihun gaba yana shafawa kamar laya.

Rannan wani wakilin kamfani ya zo da na'urar bin sawun babur. Wata ɗaya kyauta, in ji shi, katin kawai za a saka don rajista. Gwanin da ba a cuta ya miƙa kati, ya dangwala hannu a takarda mai shafi huɗu, bai karanta ko layi ɗaya ba.

Sati bakwai da liƙa na'urar a babur ɗinsa, aka sace babur ɗin. Na'urar kuwa ta yi aikinta tsakani da Allah, ta nuna shi a Maraɗi. Kamfani ya ce aikinsu iyakarsa Najeriya. Cirar kuɗin dai ba ta san iyaka ba. Duk farkon wata waya ta yi ƙara, dubu huɗu da ɗari biyar sun tafi, daga baya aka ƙara wani wai kuɗin kulawa da ba wanda ya tambaye shi.

A gabana ya kira su. "Ku tsai da abin ga, na hwasa!"

Wata murya mai ladabi ta ce ba matsala, ya dawo da na'urar.

"Tana ga ɓarawo!"

Muryar ta ce to sai dai ya biya kuɗin fasawa, dubu sittin, yana shafi na uku.

"Kuɗɗin mi? Mutum shi biya don ya hwasa?"

Na yi dariya har shayi ya zube, amma da na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni. Kuɗin da ake gutsura na Marta ne. Ya yi wata biyar yana jinkiri, don biyan tarar yana nufin an ci shi, kuma jinkirin ma ci ne. Ƙarshe ya sayar da tumakinsa biyu a kasuwar Jibiya, ya biya su, ya cike giɓin. Bai gaya wa kowa ba, ni ma don kunnena yana kusa ne.

Bayan sati Marta ta zo, ta sami inji da araha, tana son kuɗinta wata uku kafin lokacin da suka yi. Ya ƙirga mata sau biyu. Ta zare dubu biyu ta ajiye a teburin.

"Baba Nagoggo, ga na hwasawa. An ce yanzu haka a ka yi."

Ya dubi kuɗin. Sannan ya tura mata su da ɗan yatsa.

"Ɗauki abinki, ɗiyata. Nan ba kamfani ba ne."