Inna Hapsatu, Wadda Ta Hana a Zubar da Mabiyiya

Kafin ma'aikatan jinya su ƙaraso, Inna Hapsatu ta riga ta share farfajiya, ta cika randa, ta wanke ɗakin haihuwa har yana ƙamshin sabulu. Haka ta yi shekara ashirin da bakwai a ƙaramin asibitin da ke gefen Maruta. A takarda, aikinta shara ne. Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba, in ka miƙa mata takardar magani ma a juye za ta riƙe. Amma duk matar da ta haihu a nan ta san abin da Inna ke yi bayan an yanke cibiya. Takan wanke mabiyiya tas, ta naɗe a ƙyalle mai tsabta, ta miƙa wa dangi su kai gida su binne a bayan ɗaki, yadda aka yi wa iyaye da kakanni.

Shekara tara da suka wuce aka turo sabon shugaban asibitin, Malam Rabi'u, matashi mai ƙwazo, karatu na nan da zafinsa a ka. Ya sa aka haƙa rami mai murfi, ya ce daga yau duk mabiyiya can za ta. Ba mugunta ba ce, tsabta yake nema. Cikin wata biyu mata suka ɗauke ƙafa.

A lokacin ne Zahara'u, wata matashiya daga rugar bayan gari, ta shiga watan haihuwa. A haihuwarta ta fari jini ya kusa tafiya da ita, amma surukarta Goggo Lailatu ta ce babu inda za ta. Inna ta taka har rugar bayan la'asar.

"Hapsatu, daina wahalar da ƙafarki," in ji Goggo. "Abin da ya rako jikana duniya ba za a watsa shi rami ɗaya da audugar miki ba. In ya girma aka tambaye shi asalinsa, sai ya nuna bola?"

"Goggo, ki ba ni ita. Da hannuna zan miƙo miki abinki."

"In yaron nan shugaban asibitin ya hana fa?"

"Ni na ɗauki alkawari."

Alkawarin da ba ta da ikon cikawa ke nan, kuma ta sani. Washegari ta jingine tsintsiya, ta tsaya gaban teburin Malam Rabi'u.

"Malam, raminka tsaf, ɗakin haihuwa ma tsaf, tunda babu mai shigowa. Yarinyar nan in ta haihu a gida, sai dai mu je gaisuwa."

Daga bisani suka daidaita: a sa safar hannu, a kawo mazubi mai murfi, a binne da zurfi, in kuma akwai alamar cuta shi da kansa zai yi wa dangi bayani. Ranar Talata da hantsi Zahara'u ta sauka a asibitin. Jinin ya ɓalle kamar yadda aka ji tsoro, sai dai wannan karon allura da ƙarin ruwa suna kusa. Ta rayu, ɗiyarta ma ta rayu.

Bara Malam Rabi'u ya je taron bita a Birnin Kudu. A can wata lauya ta bayyana cewa dokokin kare haƙƙin ɗan Adam da ƙasashe suka amince da su, har da Najeriya, sun ba kowa ikon rayuwa cikin al'adun jama'arsa muddin ba su cutar da wani ba, kuma kula da lafiya ma sai ta mutunta wannan. Ya dawo da murna yana ba Inna labari. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe har da mu a ciki? To su wa ya gaya musu?"

Inna, ke ce kika gane abin tun ba a karanta miki ba. Kin san mace ba za ta kawo jikinta inda ake wulaƙanta abin da take girmamawa ba. Ba ki zagi ilimin likita ba, ba ki kuma yi wa tsofaffi dariya ba. Muna ƙaunarki saboda wannan, kuma muna jin kunyar daɗewar da muka yi ba mu faɗa ba.

Watan nan kika ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya. Duk mai riƙe da wata ƙofa da talaka ke shiga, a asibiti ko makaranta ko ofis, ya koyi tambayar mutane abin da ke hana su zuwa kafin ya ce jahilci ne.

A makon ƙarshe na aikinki Zahara'u ta dawo haihuwa ta huɗu. Babu wanda ya je roƙo. Goggo Lailatu ce a gaba, tana dogara sanda, ɗaya hannun riƙe da tukunyarta mai murfi.