Baba Makulli da Rumbun Manhajoji

A ɗakin kwamfuta na cibiyar koyon sana'a Baba Makulli ya yi furfura. An laƙaba masa sunan ne domin ba ya barin ƙofa ko durowa a buɗe, kuma bai taɓa yarda da abin da ba hannunsa ne ya ajiye ba. Da gyaran rediyo ya fara, da kwamfuta ta shigo ya koye ta da kansa. Aikinsa shi ne bin na'urorin ɗaya bayan ɗaya da filashi, wato 'yar ƙaramar ma'ajiyar fayiloli ta hannu, yana saka musu manhajojin ɗalibai, saboda intanet ɗin cibiyar ba ya iya ɗaukarsu gaba ɗaya.

Ana nan sai aka ɗauki wata matashiyar injiniya. Ta ce za ta sauke manhajojin sau ɗaya, ta tara su a uwar garke, wato babbar kwamfutar kusurwa da ake ajiye fayiloli a cikinta, kowace na'ura ta riƙa ɗiba daga can. Shugaban cibiyar ya yaba, ya ƙara da cewa idan tsarin ya zauna, za a sake duba wanda zai ci gaba da riƙe ɗakin. Wannan magana ta tsaya wa Baba a rai.

Bayan ta tashi aiki, ya leƙa rumbun da ta haɗa. Fayiloli ne dubbai a cakuɗe, da yawansu sunansu ɗaya, lambar ƙarshe kawai ta bambanta. Ya raya a ransa cewa ko dai yarinyar ba ta san aiki ba, ko kuwa akwai abin da take ɓoyewa a cikin wannan tarkace. Ya goge waɗanda ya ga kamar maimaici ne, sauran ya rarraba su gida-gida bisa harafin farko. Bai san cewa na'urorin suna neman kowane fayil ne a daidai inda aka ajiye shi ba.

Washegari babu kwamfutar da ta iya ɗauko komai.

"Injiniya, rumbun naki ya ƙi buɗe baki ne?" in ji shi, yana kaɗa filashinsa.

"Baba, lafiya lau na bar shi jiya. Wani ya taɓa."

"To, Allah ya tona asirinsa," ya ce da zuciya ɗaya, domin a ganinsa gyara ya yi, ba taɓawa ba.

Ta sake saukewa, ya sake gyarawa. Ta hana ɗalibai shiga, abin bai daina ba. Shi kuma ya fara zargin da gangan take lalata aikin domin a ce ɗakinsa ne ba shi da tsaro. Gaisuwarsu ta gajarta, kowa na satar kallon allon ɗan'uwansa.

Wata safiya ta daɗe tana duban allon, sannan ta juyo.

"Baba, mai ɓarnar nan ya jera komai daga A zuwa Z. Ɗaliban da ko kujera ba sa mayarwa wurinta ne za su yi wannan?"

"Ɓarna? Shara na share miki, 'yar nan!"

Ta dafe kai. Cikin ladabi ta bayyana masa cewa kowace manhaja tana jingine ne da wasu, kuma abin da ya kira shara shi ne ƙafafunta. Ta mayar da komai yadda yake, ta kuma rage masa iko: zai iya gani, ba zai iya gogewa ba.

"Me za ki faɗa wa Shugaba?"

"Zan ce an gano matsalar, an gyara."

Haka kuwa aka bar masa ɗakin. Sai dai ranar da Shugaba ya zo duba aiki, ya yi masa murmushin da ya fi na kullum faɗi, har ya tambayi lafiyar iyali. Baba ya amsa, yana tunanin ko an tona masa asiri ne, idonsa na kan injiniya, wadda ta sunkuya tana ɗaure waya a ƙarƙashin tebur, ba ta ɗago ba.